Hoton Yaya Habu a Mahaɗar Jirgi

Jiya da rana jikata ta tsaya a kaina ina cin tuwo, ta ɗaga waya ta ɗauki hoton kwanon har sau bakwai. Ba ni ta ɗauka ba fa, kwanon. Na tambaye ta wa za ta kai wa, ta ce babu kowa, in bai yi kyau ba ma gogewa za ta yi. Na ce ta tashi ta ba ni wuri kafin raina ya gama ɓaci. Ta fita tana dariya, wai Alhaji ya cika faɗa. To, ba faɗa ba ne. Yaran nan ba su san akwai lokacin da hoto abin lallaɓawa ne ba. Ba su san mutum zai iya kwana huɗu a bakin layin dogo saboda guda ɗaya tak, ya kuma dawo gida bai samo ba. Ni na yi, shi ya sa in na ga ana watsa hoto kamar ana watsa wa kaji tsaba sai raina ya ɓaci.

A Gwammaja na tashi, zamanin da ake iya jin sauti daga nesa. Bayan sallar asuba, kafin mata su fara daka, in iska ta juyo ta wajen tasha sai ka ji kukan jirgi ya tsallako ganuwa ya zo har zaurenmu, siriri, dogo. Ina kan hanyar famfo da garwa biyu sai in tsaya cak in saurara, har wanda ke bayana ya ce in matsa. Yanzu fita ƙofar gida ka kasa kunne: injin wuta a nan, mai adaidaita a can, mai tallan maganin basir da lasifika a tsakiya. Ko jirgin ya shigo tsakar gida ba za ka ji shi ba, balle ma ina jirgin? Ni jirgin fasinja bai taɓa burge ni ba, hayaniya ce kawai da ƙunshin kaya. Jirgin kaya shi ne jirgi. Shanu, siminti, taki, auduga, huhunan goro, tarago bayan tarago, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafarka. Da kawuna ya dawo daga aikin Hajji ya kawo mini kyamara tsaraba, irin mai cin fim na hoto goma sha biyu, sai abin ya zama ciwo. Duk ranar da na gama kai wa Baba fatu rumfarsa ta kasuwa, sai bakin layi. Baba yakan girgiza kai ya ce, "Mutum da hankalinsa ya je ya tsaya yana kallon ƙarfe yana wucewa. Ƙarfen nan ko amsa sallama yana yi?"

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, gari ya ɗauki zafi. Kowane bango ya sha takarda, kowace mota da tuta, maƙwabta da suka shekara talatin suna cin tuwo kwano ɗaya suka daina zama tabarma ɗaya. Gidanmu ma bai tsira ba. Yayana Habu, ɗan farin gidan, yana aikin reluwe, shi ne mai zama a tarago na ƙarshe na jirgin kaya da tuta ja da kore. Ya zo hutu da bajon jam'iyyar da Baba ba ya so a maƙale a hularsa. Da la'asar abokan Baba suna zaure, wani Alhaji ya ce ai talaka bai san abin da yake so ba sai an nuna masa. Yaya Habu ya ba shi amsa. Ba abin da ya faɗa ne ya fi ƙona wa Baba rai ba, a tsaye ya faɗa, hannu a aljihu. Baba ya ce, "Daga yau kada ka sake taka mini zaure. Kuma duk wanda ya yi masa magana ko ya rubuta masa takarda a gidan nan, ban yafe ba." Yaya Habu shi ma da nasa taurin kan, wanda ba daga sama ya samo shi ba, ya je ya nemi a mai da shi layin da ba ya shigowa Kano sam. Yau yaro sai ya zagi ubansa a waya da safe ya dawo cin abinci da rana. Mu a lokacin, in uba ya ce bai yafe ba, ƙofa ta rufu ke nan.

Inna ba ta ce komai ba, kuma ba wanda ya zaci za ta ce. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji irin ta matan da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. A ɗakin kakarmu ya girma. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Mu yara har mun ɗauka ba ta damu da shi ba. Ana nan, wajen shekara guda da tafiyarsa, muka fara tauna tsakuwa a shinkafa, Inna da ko ƙwayar yashi ba ta wuce ta a faifai. Ashe yanar ido ce ta fara rufe mata gani. Wata rana da hantsi, Baba ya tafi kasuwa, ta kira ni ɗakinta.

"Sule, wannan abin naka na ɗaukar jirgi, yana ɗaukar wanda ke cikin jirgin?"

"Yana ɗauka, Inna, in ya leƙo."

Ta shiga murza bakin mayafi. Can ta ce, "Malam ya ce kada a yi magana, kada a rubuta. Ban ji ya ce kada a duba ba. Idon nan ba zai kai baɗi ba, ni na sani. Ka je ka ɗauko mini ɗan'uwanka in gan shi."

Ban taɓa jin ta nemi wani abu don kanta ba. Na saka sabon fim, na gaya wa Baba zan yi tafiyar kwana biyu kallon jirgi. Ban yi ƙarya ba. Ya ce, "Allah ya shirye ka."

Wurin da na nufa wani ɗan gari ne kudu da mu, inda layin dogo ya rabu biyu, ɗaya ya nufo Kano, ɗaya ya karkata. Ta nan jirgin Yaya Habu yake bi ya karkata. Garin duka bai fi unguwa ɗaya ba: ofishin tasha mai jan kwano, wata tsamiya, rumfar mai shayi, masallaci, sai gidaje a baya. Jirgin kaya ba ya tsayawa a wurin, rage gudu kawai yake yi direba ya miƙo hannu ya karɓi wani ƙaton zobe daga ma'aikacin tasha, shi ne izinin shiga layin gaba. Ke nan abin da nake da shi ɗan lokacin da taragon ƙarshe zai gifta ta gabana, ba ƙari. Limamin garin, dattijo mai farin gemu, ya gan ni baƙo a sahu, ya ce ba zan kwana a benci ba yana raye. Ya sauke ni a zaurensa, ya sa aka kawo fura da tuwo. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, kuma shi ya ƙarasa ni.

Shugaban tashar wani mutumin Kudu ne mai tumbi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Na tambaye shi jirgin Habu.

"Habu na Kano? Na san shi sarai. Jirginsa yana hanya."

"Yaushe zai iso, ranka ya daɗe?"

"Malam Sule, jirgin kaya ne fa. Yana iya zuwa yau, yana iya zuwa jibi. Amma kafin ya zo, zo ka ɗauke ni ina riƙe da tarho."

Daga nan aka fara. Ya ce ya ƙifta ido a na farko, sai an sake. Ya zan ce a'a ga mutumin da zai gaya mini zuwan jirgin? Kafin azahar labari ya zaga gari cewa mai hoto ya sauka a gidan Liman. Mutanen nan ba su yarda akwai mahalukin da zai taso daga Kano don ya ɗauki tarago ba. A wurinsu hoto shi ne ka yi wanka, ka sa kwalli, ka karya hula, ka tsaya ƙiƙam kamar an dasa ka. In na ce jirgi nake jira sai su yi dariya su ce to kafin ya zo. Mai shayi ya tsaya da butarsa, bayan ya cika ni da shayin da ya ƙi karɓar komai a kai. Wani ɗan takarar kansila ya iso da babbar riga da 'yan rakiya uku, ya ci hoto biyu, ɗaya yana nuna sama da yatsa, har yau ban san me yake nunawa ba. Wani Bafulatani ya ce shi ba ya so, bijiminsa za a ɗauka. Liman kansa ya yi mini nasiha mai tsawo a kan cewa hoto abu ne da malamai suka yi saɓani a kansa, ya kammala, ya gyara rawani, ya ce, "Amma guda ɗaya don yara ba laifi." Kana cin tuwon mutum, da wane baki za ka hana shi?

Na daɗe ina ɗora wa mutanen garin nan laifi, amma tsufa ya sa dole in faɗi nawa. Tun ranar farko wani jirgin shanu ya wuce, ƙahoni sun leƙo ta kowace kafa, na ɗauki biyu ba wanda ya roƙe ni. Sannan akwai Iro mai juya layi, wanda ke jan ƙarfen da ke karkatar da jirgi. Sa'ar Yaya Habu ne, da kakin reluwe da hula irin tasu, mai kumatu, ba ya son magana. Shi kaɗai ne bai nemi hoto ba. Shi ya ba ni inuwar ɗan ɗakinsa na bakin layi, ya koya mini in ɗora tafin hannu a kan ƙarfe in ji jirgi tun bai bayyana ba. Kirkinsa ya sa na ji kunya, na ce ya tsaya in ɗauke shi. Ya ce in bar shi, na nace. Da na duba ɗan tagar bayan kyamara a daren kwana na uku, saura biyu. Garin kuwa ko ashana sai ranar kasuwa, balle fim.

Rana ta huɗu, bayan azahar, ina zaune a gindin tsamiya na gaji da jira har na fara jin haushin jirgi da duk wanda ya ƙirƙiro shi. Shugaban tasha ya leƙo ta taga ya ɗaga mini hannu. Iro ya taɓa layi ya ce, "Naka ne." Na tashi na tsaya daidai inda na auna tun shekaranjiya, na gyara tsayuwa. Sai ga kan jirgin ya ɓullo ta kwana, rana ta haske goshinsa, baƙin hayaƙi ya miƙe a bayansa, ƙasa ta fara rawa. Wallahi ban taɓa ganin jirgi ya yi kyau haka ba. Kafin in yi tunani na ji ƙyas. Na danna. Na zagi kaina, na murza fim, na ce ba komai, ɗaya ya isa, ɗaya dama aka aiko ni. Taragu suka shiga wucewa, na siminti, na taki, ina hango na ƙarshen yana matsowa.

"Salamu alaikum, Malam Sule!"

Liman ne. Tun asuba ya tafi suna wani ƙauye, bai gan ni ba ranar, ga shi ya dawo, kai tsaye wurin baƙonsa. Wanda bai tashi a zamaninmu ba zai ce me ya hana ka ce masa ya dakata. Ba a yi. Ƙafafuna da kansu suka lanƙwashe na tsuguna. Ya kama hannuna na dama, na dannawa, ya riƙe da nasa biyu.

"Ina wuni? Ina gajiya? Ya baƙunta?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam."

"An kawo maka fura kuwa? Na ce musu a dama da nono mai kyau. Sauro bai dame ka ba? Ka ji labarin gida? Ya mahaifin naka?"

Ina amsawa, idona yana kan layi, gumi yana bin bayana. Na ɗan ja hannun, ya ƙara riƙewa, don a ganinsa kunya nake ji. Daga nan ya ce bari ya yi mini addu'ar samun abin da na zo nema. Abin da na zo nema yana wucewa ta bayan rawaninsa! Na ɗago kyamarar da hagu daga tsugune, ban ko duba ba, na lalubi maɓalli na danna.

Da idona kam na gan shi. Yana tsaye a ƙofar taragon, tuta kore a hannu. Ya rame ƙwarai, ya tara gemu, wuyansa ya yi tsawo. Ya dube ni, ya gane ni, na ga bakinsa ya motsa. Nawa bakin ma ya buɗe, maganar Baba ta rufe shi. Muna kallon juna har jirgin ya karkata ya shige bayan itatuwa. Liman ya shafa addu'a, ya waiga ya ga ƙura, ya ce, "Au, jirgin da kake jira ke nan? Ai da ka faɗa." Ban taɓa jin sha'awar kurma ihu a gaban babba ba sai ranar. Na ce, "Ba komai, Malam."

Mako guda mai wankin hoto na Fagge ya yi kafin ya ba ni. Duk sun fito tas. Bijimin Bafulatani har gashin wutsiyarsa ana gani. Na ƙarshen kuwa hannun rigar Liman ne ya cinye rabi, sauran sama ce, can ƙasa a kusurwa ga bayan tarago da wani ɗigo baƙi wanda ni kaɗai na san mutum ne. Na shirya abin da zan gaya wa Inna: ban samu ba, ta yi haƙuri, zan sake komawa. Na shiga da ambulan ɗin a hannu da hantsi. Ban gama sallama ba ta karɓe, ta ja kujera bakin ƙofa inda haske yake, ta shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana kai su dab da idonta na hagu, wanda yake ɗan gani. Ta wuce shanu, ta wuce mai tarho, ta wuce mai babbar riga. Ta zo kan Iro, da kakinsa da hularsa ta reluwe, yana tsaye kusa da layi. Ta tsaya.

Ta daɗe tana kallo. Matar da ba ta taɓa yarda ta ƙare wa ɗanta kallo ba, ga ta ta samu dama babu mai ganinta sai ni. Ta shafa fuskar da babban yatsa, ta ce a hankali, "Alhamdu lillahi. Ya yi jiki. Ashe ana ba shi abinci." Hawaye ya gangaro mata, ta share da sauri, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

Na buɗe baki in ce Inna ba shi ba ne. In ce mata me? In ce na gan shi ya rame kamar kara, na kuma ɓatar da hotonsa a kan jirgi da gaisuwa? Na bar ta a haka. Ta naɗe hoton a ƙyalle ta sa a ƙarƙashin jeren kwanukanta, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Sule." Ban taɓa karɓar albarkar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Na yi ta cewa a raina zan koma in ɗauko na gaskiya, amma in kawo mata wata fuskar in ce mene ne? Ina wannan jinkirin damina ta faɗi, idon ya rufe gaba ɗaya.

Bayan 'yan shekaru soja suka dawo. Da safe ɗaya, a rediyo, aka rushe jam'iyyar Baba da ta Yaya Habu gaba ɗaya, kamar ba a taɓa yin su ba. Abin da aka raba gida a kansa ke nan. Baba ya yi kwanaki yana gyaran murya, sannan ya ce wa kawuna a gaya wa yaron nan ya zo. Ya zo, ya tsuguna a zaure, aka yafe. Na raka shi ɗakin Inna. Ya gaishe ta, ta amsa wa bango kamar yadda ta saba. Sai kuma ta miƙo hannu tana lalube har ta samu fuskarsa, ta bi goshi, ta bi gemu, ta tsaya a kumatu.

"Me ya cinye ka haka? A hoto ai da kumatunka."

Yaya Habu ya ɗago ya dube ni. Na girgiza masa kai, ina roƙonsa da ido. Ya juya wurinta, ya ce, "Aikin ne, Inna. Ba hutu."

Da muka fito soro ya riƙe mini hannun riga. "Wane hoto? Ni dai a tsugune na gan ka."

Na gaya masa komai. Ya ce, "Iro? Duk reluwe ka rasa wanda za ka kai mata sai Iro?" Ya fara dariya, amma bai ƙarasa ta ba. Ya jingina da bango, ya tambaye ni ko ta daɗe tana kallon hoton.

Na ce ta daɗe.

Ya ce, "Ni ba ta taɓa kallona ba, ko sau ɗaya."